Ko Hashim, Ko Nana Hadiza

Hajiya 'Yardada ba ta taɓa ruwan da aka kawo mata ba. Daga nan Sa'adiyya ta san ba zumunci ne ya taso da surukarta tun daga Gwale har Sheshe da ranar nan tsaka ba.

Tana zaune ne a bakin ƙofar ɗakinta, littafi a buɗe bisa cinya, ƙamus a gefe, sallamar ta shigo. Ta yi wuf ta tura littafin ƙarƙashin tabarma, ta durƙusa ta gaishe ta. Hajiya ta amsa a daƙile, idonta yana kan gefen bangon littafin da ya leƙo.

Tun da Shehu, mijin Sa'adiyya kuma ɗan farin Hajiyar, ya rasu a hatsarin mota a hanyar Zariya, ta fita takaba ta dawo gidan mahaifinta, Malam Ashafa, da 'yarta tilo, Nana Hadiza, wadda aka sa wa ainihin sunan Hajiyar. Tana aji biyar na sakandare ta ajiye karatu ta auri Shehu, da son ranta, ba wanda ya matsa mata. Da zaman gida ya ishe ta, sai ta yi rajistar jarrabawar GCE, da burin ta shiga kwaleji ta fito malama.

A cikin darussan duka, adabin Turanci ne ya tsaya mata a wuya. Littattafai biyu ne masu kauri, an rubuta su a Ingila fiye da shekara ɗari da suka wuce, zamanin keken doki da kyandir. Jimla guda takan cinye rabin shafi, kafin ka kai ƙarshenta ka manta wanda ya soma maganar. Su ne suka kai ta lesin a Gwammaja, inda wani malamin sakandare, Hashim, yake koyar da mata bayan la'asar. Kafin damina ta ɗauke, kawunsa ya zo zauren Malam Ashafa neman izini.

Labarin zuwan nan ne ya isa Gwale.

"Ni ban zo hana kowa aure ba," in ji Hajiya, tana duban Inna Habiba, mahaifiyar Sa'adiyya, kamar su biyu ne kaɗai a tsakar gidan. "Yarinya ce, da sauran ƙuruciyarta. Amma jinin marigayi ba zai tashi a gidan baƙo ba. Ranar da aka ɗaura mata da malamin nan, ranar zan zo in ɗauki takwarata."

Inna Habiba ta shiga ba da haƙuri, tana tuna mata zaman amanar da ke tsakanin gidajen biyu. Hajiya ta ce ai amanar ce ta kawo ta, domin akwai hanyar da ba wanda zai yi kuka. Ga Jibril nan.

Jibril ƙanin Shehu ne. Bara warhaka yana tsaron shagon yayansa na yadi a kasuwa. Da sojoji suka ce za su miƙa mulki, sai ya faɗa siyasa, aka yi zaɓe ya ci kansila. Yanzu da mota yake yawo, da babbar riga mai aiki har gwiwa, samari na biye da shi suna Onarabul, Onarabul. Bai taɓa aure ba, kuma ya gaya wa mahaifiyarsa ba ya ganin kowa sai matar yayansa.

"Hajiya," Sa'adiyya ta ce, "Jibril ƙanina ne. Ni nake ajiye masa tuwo in ya dawo daga ƙwallo. Da wane ido zan dube shi a matsayin miji?"

"Da idon da za ki dubi 'yarki kullum safiya tana ɗakinki," Hajiya ta ce. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta kira Nana da ke wasa da murfin kwano, ta shafa kanta ta daɗe tana shafawa, sannan ta fita.

*

Ran nan darasi bai shiga kan Sa'adiyya ba. Babin da suka iso shi ne wanda ta fi tsoro a littafin farko. Labarin 'yar wani mai gyaran agogo ne a garin masu haƙar kwal. Uban ya makance, ya mutu, ya bar ta da ƙaramin ƙaninta. Wani matuƙin jirgin ruwa ya aure ta ya tafi da ita, ta bar yaron a hannun dangi da alkawarin za ta dawo ta ɗauke shi da zarar sanyi ya wuce. Ta dawo ta tarar an binne shi.

Malam Hashim ya karanta musu wurin a hankali, yana tsayawa yana warware jimlolin da Hausa. Ya tambayi aji ko marubucin yana so a ga laifin yarinyar ne ko a tausaya mata, ya ce kowa ta kawo hujjarta daga cikin littafin, domin haka masu jarrabawa suke so. Mata suka kaure da gardama. Shi kuwa bai dubi ɓangaren da Sa'adiyya take ba ko sau ɗaya.

Da aka tashi, ya tsayar da ita a bakin ƙofar makarantar, inda masu wucewa ke ganinsu. Ya gaya mata an canja masa wurin aiki zuwa wani ƙauye can kan iyakar jiha, inda mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Shugaban makarantarsu ya ce daga sama umarnin ya zo, ya ƙi faɗin suna, amma ba sai an faɗa ba.

"Ba tafiyar ce ta dame ni ba," ya ce. "Kawu ya ji abin da Hajiya ta ce."

Ta ɗago ta dube shi.

"Sa'adiyya, ni a hannun dangi na tashi. Ba su zalunce ni ba, sun ciyar da ni, sun sa ni makaranta. Amma na san yadda yaro yake tsayawa a bakin zaure yana kallon hanya ko uwarsa za ta ɓullo. Ba zan zama sanadin da Nana za ta koyi wannan tsayuwar ba. Zan je in gaya wa Malam na janye."

Hawayen da take riƙewa tun rana suka sauko.

"Shi ya sa ka karanta babin nan yau? Don ka yanke min hukunci a gaban mutane?"

Ya rantse mata shi ne babin da ke biye, ba zaɓarsa ya yi ba. Amma bai musa cewa tun da ya soma shirya darasin yake ganin fuskar Nana a kowane layi ba.

"Kowa sai yanke min yake yi," ta ce, tana share ido da bakin mayafi. "Hajiya ta yanke. Jibril ya yanke. Yanzu kai ma ka yanke, ka sa masa suna tausayi. Ba wanda ya tsaya ya tambaye ni."

"To na tambaye ki. In aka ce lallai sai kin zaɓa?"

Wani mai kura ya wuce da jarkokin ruwa suna ƙara, 'yan ajin na can gaba suna waigowa.

"Nana zan zaɓa," ta ce. "Ka ji da kunnenka, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ni ba na so a kai ni inda zan zaɓa. Na zaci kai ne za ka tsaya kusa da ni har a ga ko akwai wata hanya. Ashe kai ne za ka riga kowa tafiya."

Ya kira sunanta. Ba ta juyo ba.

*

Jibril bai tsaya jiran sakamakon zuwan mahaifiyarsa ba. Cikin makon ya zo zauren Malam Ashafa da kansa, ya bar yaransa a bakin lungu, ya cire takalmi ya zauna a ƙasa kamar ɗalibi. Malam mutum ne mai karantar da fiƙihu, 'yan kasuwa da masu sana'a suke ɗaukar karatu a wurinsa, kuma shi da mahaifin su Jibril tare suka yi ƙuruciya har mutuwa ta raba.

Jibril ya fito da irin littafin Sa'adiyya, sabo fil, ya ajiye a kan buzu. Ya ce ya sa an duba masa. Ba komai a ciki sai rawar maza da mata ana riƙe juna, da shan giya, da yarinyar da ta bi namiji ta watsar da gida. Ya ce wannan shi ne abin da malamin nan yake karanta wa zawarawa kullum yamma, don haka ba abin mamaki ba ne in tunanin mutum ya juya.

Malam bai taɓa littafin ba. Ya aika aka kira Sa'adiyya, ta durƙusa daga bakin ƙofar cikin gida. Ya ce ta ba shi labarin tun daga farko har ƙarshe, kada ta tsallake ko abu ɗaya.

Ta soma a hankali, sannan harshenta ya saki. Ta faɗi mai agogo da makantarsa, ta faɗi ramukan kwal da mutanen da suke shiga ba su fitowa. Ta faɗi rawar, ba ta ɓoye ba. Da ta zo kan mutuwar yaron ba ta tsallake ba, ta ƙarasa. Ita kanta ta yi mamakin yadda littafin da ya hana ta sakat ya zauna mata a ka daram.

Tambaya ɗaya Malam ya yi. Ya ce shi mai littafin, yabon yarinyar ya yi ko zarginta?

"Bai yi ko ɗaya ba, Baba. Ya nuna abin da ta yi, ya nuna abin da ya jawo mata, ya bar mai karatu da tunani. A kan haka ma ake tambayarmu."

Malam ya gyaɗa kai. Ya ce wa Jibril ya ɗauki littafinsa, a cikin littattafansu na addini ma akwai labaran waɗanda suka yi abin da ya fi wannan muni, ba a ce a daina karantawa ba. Sa'adiyya ta zaci zai zarce kan maganar aure. Sai kawai ya ce a jingine komai sai bayan jarrabawa, ya janyo littafinsa ya ci gaba da dubawa.

Shirun nan ya fi maganar Hajiya yi mata ciwo. Ta san mahaifinta. In abu ya shafi gidan amininsa, bakinsa nauyi yake yi.

*

Ranar jarrabawar adabi ta tashi da wuri. Ta yi wa Nana wanka, ta ba ta koko da ƙosai, ta sa biro biyu da katin shiga a jaka. Tana ɗaura mayafi ke nan aka yi sallama.

Hajiya 'Yardada ce, da wasu mata biyu daga danginta. Ta ce ba zama za ta yi ba. Tun da uwar za ta fita yawon jarrabawa, ta zo ta tafi da takwararta ta kwana biyu a Gwale, a haɗo mata kayanta. Ɗaya daga cikin matan ta riga ta kama hannun yarinyar.

Sa'adiyya ta dubi hannun, ta dubi fuskar Hajiya. Ta san irin kwana biyun nan. Yaran da ta sani da aka ɗauka da sunansa, wasu sai ranar aurensu uwayensu suka ƙara kwana ɗaki ɗaya da su. Ta kuma san ba a banza aka zaɓi safiyar yau ba.

Ta zare mayafin, ta ajiye jakar a kan turmi.

"Na fasa fitar, Hajiya. Ina gida."

"Ke, shekara guda kina wahala," Inna Habiba ta ce, ita ma hawaye ya cika mata ido. "In kika rasa ta yau sai baɗi."

"A bar ta sai baɗin, Inna."

Hajiya ta ce ko ta fita ko kada ta fita, ita dai jikarta ta zo ɗauka, kuma ba ta ga wanda zai hana uwar uba ɗaukar jikarta ba. Nana ta ga fuskokin manya sun canja, ta fashe da kuka, tana miƙo ɗayan hannun wajen uwarta. Sa'adiyya ta durƙusa ta rungume ta, matar can kuma ba ta saki ba. Haka suka tsaya, yarinya a tsakiya.

Gyaran murya aka ji daga ƙofar zaure. Malam Ashafa, wanda ba ya shiga tsakar gida in akwai baƙi mata, yana tsaye da carbinsa, ɗalibai na jiransa a baya. Ya tako a hankali. Duban matar kawai ya yi, ta saki hannun. Ya sunkuya ya ɗauki Nana ya saɓa ta a kafaɗa.

"Hajiya," ya ce, "na yi shiru ne saboda kunyar mijinki, marigayi Alhaji. Na yi ta fatan maganar nan za ta mutu da kanta ba sai na buɗe baki a gabanki ba. Amma kullum ina zaune a zauren can ina karantar da mutane cewa in uwa ta yi aure, riƙon ɗa yana komawa ga uwar uwa kafin ya iso ga uwar uba. Ba zan karantar da shi a waje in taka shi a cikin gidana ba. Ga Habiba nan da ranta da lafiyarta. Ƙofar nan kuma a buɗe take gare ki dare da rana, jikarki ce."

Idanun Hajiya suka yi jawur. Ta ce ashe haka amana take ƙarewa. Ta ce ɗanta na fari ƙasa ta cinye, abin da ya bari a duniya ke nan, kuma ana so a nuna mata littafi. Muryarta ta karye a nan, Sa'adiyya ta ga hawaye na gaske a idon tsohuwar.

"To sai mu haɗu gaban alƙali," Hajiya ta ce.

"In kin kira mu, za mu zo," in ji Malam. Ya juya ga 'yarsa. "Ɗauki jakarki. Yarinyar nan tana kan cinyata har ki dawo. Wanda yake sonta sai ya ɓamɓare ta daga hannuna."

Lungunsu mota ba ta shigarsa, don haka a bakin titi ta tarar da Jibril jingine da tasa. Ya buɗe mata ƙofa ya ce ta shiga ya kai ta, lokaci ya ƙure. Ta ce ta gode, za ta hau tasi. Ya sha gabanta, ya rage murya yadda yaransa ba za su ji ba. Ya ce ta ɗauka don Nana yake yi, ko don Hajiya, alhali tun ranar da aka kawo ta gidansu amarya yake haɗiye abin da ke ransa. Ya ce wanda take ƙi masa dominsa ma ya ɗaure kayansa, yau zai bar gari.

Ta kauce daga gabansa.

"Ko ya tafi ko bai tafi ba, Jibril, kai ƙanina ne," ta ce. Ta ɗaga hannu ta tsayar da tasi.

An riga an raba takardu lokacin da ta shiga ajin. Da farko layukan rawa suke yi mata, ta karanta tambayar farko har ta gaji ba ta fahimci komai ba. Ta kifa kai a kan benci, ta yi addu'a, ta ɗago. Daga nan biro bai ƙara tsayawa ba sai da mai tsaron jarrabawa ya zare takardar daga ƙarƙashin hannunta.

Ana kiran azahar ta shigo lungu, kusan da gudu. Zaure ya watse, ba kowa sai Malam a kan buzunsa, Nana ta yi barci a cinyarsa, yatsunta sarƙe da carbinsa. Sa'adiyya ta zube a gabansa, kuka ya hana ta ko gaisuwa.

Ya bari ta yi mai isarta, sannan ya gaya mata baƙi biyu ya yi a bayanta. Na farko ɗan aiken kotu ne, an kira su ranar Litinin. Na biyu Hashim ne, da jakarsa a hannu, a kan hanyarsa ta tasha. Ya zo ya ce ya janye, don kada a raba uwa da 'ya saboda shi.

"Me ka ce masa, Baba?"

"Na ce masa maganar Nana ta fita daga hannunsa, tana wuyana. Na ce ya tafi ƙauyensa ya kama aiki. In har yana son auren, ya dawo ranar Juma'a da manyansa, kafin azumi ya shigo. In kuma ɗan tsoron kansila ne ya sa wa rigar tausayi, to kada ya sake tako min zaure, ba na ba da 'yata ga mai gudu."

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ya daɗe a durƙushe, ya tashi ya ɗauki jakarsa."

Sa'adiyya ta sa hannu biyu ta karɓi 'yarta. Yarinyar ta motsa, ta cusa fuska a wuyanta, ta koma barci. Ɗumin jikinta ya ratsa ta har ƙashi.

"Zai zo, Baba," ta ce, a hankali ƙwarai.

Malam ya miƙe ya ɗauki butarsa.

"Ni ban sani ba," ya ce. "Abin da na sani, Litinin za ta riga Juma'a zuwa. Shiga ki ci abinci, ki gaya wa innarki ta nemo mayafinta na fita. Ita alƙali zai fara tambaya."